Layi Na Sha Bakwai

Tawa ta kwanta a gareji, giya ta ƙi shiga,
aka ce sai Laraba.
Sahabi ya miƙo makulli da takarda shafi uku:
"Ga ta kamfani, riƙa kafin taka ta tashi."
Na sa hannu kamar mai karɓar goron suna.
Ban karanta ba.
Wa ke tambayar gishirin miyar da aka zuba masa kyauta?

Fara ce ƙal, na'urar sanyinta na aiki,
abin da tawa ta manta tun shekarar da aka haifi Luba.
Na bi ta Gawon Nama, gilashi a rufe,
rana na dafa kwalta, ni sanyi na cizon gwiwata.
Hassi ta leƙo daga zaure ta ce, "Yaushe?"
Na ce aro ce.
Ta ce, "To, zanen aro dai, ka san inda yake tsayawa."

Kwana biyu ina tuƙi kamar mai ƙwai a faifai.
Ƙanena ya roƙa zai leƙa Wamakko, na hana.
Yara suka jingina da ita, na kore su da tsawa,
har akuyar maƙwabci sai da ta san ni.

Talata, bayan la'asar, shataletalen Dandima.
Ɗan kabu-kabu da buhun albasa biyu a bayansa
ya kutso ta inda ko iska sai ta yi sallama.
Ƙarar ba ta fi ta cokali a kwano ba.
Na fito.
Zane ne tun daga ƙofar baya har fitila,
fitilar ta dare biyu,
albasa na ta gangara ƙarƙashin motocin mutane.
Yaron ya miƙe, jini a gwiwa, takalmi ɗaya a hannu.
"Baba, Arzika sunana. Mi za ni yi?
Babur ɗin ma na haya na."
Mutane sun kewaye mu, kowa da hukuncinsa.
Na gyara hula, na ce, "Tafi abinka, akwai inshora."
Na faɗe ta da ƙarfi, don na baya su ji.

Laraba Sahabi ya sa tabarau,
ya zagaya motar sau biyu, bai ce komai ba,
sannan ya ɗora yatsa a layi na sha bakwai,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa:
kowace ɓarna, dubu ɗari da hamsin na farko
daga aljihun wanda ya sa hannu,
abin da ya haura nan, inshora ta ɗauka.
Na ce nawa ne gyaran?
Ya ce ɗari da saba'in.
Wato ni in ɗauki raƙumi, su su riƙe akala.

"Ai ba laifina ba ne."
"Awo. Ina lambar babur? Ina takardar 'yan sanda?
Ko hoto ka ɗauka?"
Na laluba kaina, suna ɗaya na samu: Arzika.
Sahabi ya ce, "Malam, Arzika nawa ne a Sakkwato?"
Ya ƙara da cewa in gode Allah
da ba ƙanena ke riƙe da sitiyari ba,
layi na tara ya fi wannan haƙora.

Kuɗin kwanon rufin ɗakin baya ne suka tafi.
Damina za ta zo ta same mu da baho.

Na koma tawa, tagogi a buɗe, gumi har ƙugu.
Yanzu ko takardar cikin kwalin magani sai na karanta.
In na zo Dandima nakan rage gudu,
ina duba gwiwoyin masu babur.
Hassi ta ce in na gan shi me zan yi?
Ban sani ba.
Wataƙila in tambaye shi ko ya tsinto albasar duka.